Itatuwa a Gonar Aro

Ko da zan manta da komai na aikin nan, ba zan manta da ranar Larabar da na shiga gonar matan Kakau da dashen itatuwa a bayan mota ba. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kuna yawan gunaguni cewa ina tsananta muku a kan maganar izinin mai gona, har wasunku suna ce mini Hajiya Takarda a bayan idona. Na ji, ba sai kun ɓoye ba. To ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ni malamar gona ce a wani shiri na farfaɗo da ƙasar noma, ofishinmu yana Barnawa, a cikin garin Kaduna. Ga wanda bai san tsarin ba, malamin gona shi ne a ƙasan kowa, shi ke shan rana da taɓo. A samansa akwai kodineta mai kula da shiyya, a saman kodineta akwai manaja, can sama kuma akwai masu ba da tallafi a Abuja. Waɗannan ba ma ganinsu sai sau ɗaya a shekara, amma ko atishawa suka yi sai mun ji ta a Barnawa. Aikina na kwantiragi ne, duk ƙarshen shekara ake sabunta shi, kuma sai kodineta ya sa hannu. Kodinetanmu a lokacin Oga Lawal ne.

A cikin ƙungiyoyin da nake kula da su, babu wadda nake alfahari da ita kamar ta Mama Rifkatu. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, ta yi ƙuruciyarta tana aiki a masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta rufe, ta koma tuyar ƙosai a bakin titi, har ta gaji da zaman jiran ciniki ta tara mata goma sha tara, yawancinsu irinta, waɗanda masaƙa ta sallama ko ta sallami mazajensu. Akwai Kirista akwai Musulmi, har da matar wani makaniki Inyamuri da ba ta taɓa riƙe fartanya ba kafin nan. Ba mu muka naɗa ta shugaba ba. Mun zo ne muka tarar suna bin ta.

Gonar da suke nomawa a Kakau ta aro ce. Mai ita wani dattijo ne, Baba Dogo. Ya ba su ne don ta mutu a hannunsa: ƙasa ta yi fari ta daskare, ruwa ya yanka kwari a tsakiyarta, ga wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse masara tun daga saiwa. An yi maganar a gaban mai unguwa, an raba goro. Sharaɗinsa uku ne, ba gini, ba haƙa rijiya, ba dasa itace. Duk kaka kuma a kai masa ɗan abin da aka samu, don a tuna da wa ke da gona.

Na san wasunku 'yan birni ne, bari in yi muku bayanin na ukun. Hatsi na shekara ɗaya ne, an girbe an tashi. Itace kuwa yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, kuma ranar da rigima ta tashi a kan gona, tambayar farko da dattawa ke yi ita ce wa ya dasa mangwaron nan. Saboda haka wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace. In ya dasa, kamar ya ce gonar ta zama tasa ne. A ƙauyenmu ma haka dokar take, tun ina yarinya na san ta. Ba zan ce muku ban sani ba.

Damina uku matan nan suka yi suna jinyar ƙasar nan. Ni na kawo abin da na karanta, amma Mama ce ta mayar da shi aiki. Ta hana a ƙona kara bayan girbi, a shimfiɗa shi ya rufe ƙasa. Maƙwabta suna ta dariya, wai gonar mata ta zama juji. Ta bi gidajen kaji na hanyar Abuja tana roƙon kashin kaji, suna ɗauko shi a keke mai ƙafa uku, masu keke suna toshe hanci suna mita. Ta sa ana haɗa masara da wake da waken suya, ana juya musu wuri duk shekara. Kwarin da ruwa ya yanka kuma suka jera masa duwatsu da hannunsu. Wadda ta yi fashi sau biyu ba dalili, Mama da kanta za ta je gidanta, ba faɗa ba zagi, ta zauna a tsakar gida har sai kunya ta fito da matar. A damina ta uku, in ka tona ƙasar da yatsa sai ka ga ta yi baƙi ta yi laushi, ga tsutsar ƙasa tana motsi. Masara ta fi tsawona. Masu dariya suka koma leƙe ta kan iyaka.

A farkon watan Yuli na wannan damina Oga Lawal ya kira ni ofishinsa. Ya ce baƙi suna zuwa daga Abuja nan da kwana goma, kuma gonar Kakau za a kai su, tunda ita ce ta mata, ita ce kuma ta fi kyau. Sai dai akwai matsala. A fom ɗin rahoton shekara akwai gurbin yawan itatuwan da aka dasa, mu kuma gurbinmu wayam yake.

"Ba mu cika taget ba, Malama Jummai," in ji shi. "Na yi odar mangwaro da kashu. Ki sa a jera su a iyakar gonar, a kafa allo, kafin su iso."

Na ce masa, "Yallaɓai, gonar aro ce."

Ya ce, "To sai me? Mai gona ya samu mangwaro kyauta. Wa ke ƙin kyauta?"

Washegari na je Kakau na faɗa wa Mama. Tana tsugune tana cire ciyawa, ko miƙewa ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, ba za a yi ba. Baba ya ce ba itace, mun ce mun ji, a gaban mai unguwa." Ba ta tsaya a nan ba, don ita ba ta ƙin abu ta bar ka ba mafita. Ta ce a raba wa mata dashen, kowa ta dasa a gidanta, akwai filin coci, akwai bakin masallaci, akwai makarantar firamare da ba ta da inuwa. In kuma dole sai a gonar, to a bi ta wajen mai unguwa da goro, a jira 'ya'yan Baba su zo gida a zauna da su, in sun yarda Baba ya dasa na farko da hannunsa, kowa ya shaida nasa ne. Ta ce wannan zai ci wata biyu ko uku.

Na kai wa Oga Lawal wannan magana yadda take. Ya ce baƙi ba za su bi gida-gida suna ƙirga mangwaro ba, hoto ɗaya suke so, mata da masara da itatuwa wuri guda. Ya ce in kira masa ita.

Ta zo Barnawa ranar Litinin, da zaninta na zuwa coci. Aka ce Oga yana mitin. Ta zauna a bencin baranda kusan awa biyu. A bangon da ke bayanta akwai wani ƙaton hoto da muka buga, ita ce a jiki tana riƙe da damin wake tana murmushi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mata su ne jagororin noma na gobe. Duk wanda ya wuce sai ya kalli hoton, ba wanda ya ce mata sannu. Ni na kawo mata ruwa.

Da ta shiga, bai ba ta minti biyar ba. Ya yi mata lacca a kan amfanin itace, yadda saiwa ke riƙe ƙasa, yadda ganye ke zama taki. Ga matar da ta ta da matacciyar gona da hannunta.

Ta bari ya gama, ta ce, "Oga, na san amfanin itace. Ba itacen nake ƙi ba. Gonar ce ba tamu ba."

"Mama, wannan tsohon tunani ne. Irinsa muka zo canzawa."

"Ku canza shi a gonarku, Oga, abeg. In kun dasa a wannan, za a karɓe ta."

Ya yi dariya, ya ce ta bar masa Baba Dogo, shi zai yi magana da shi. Ta dube shi ta ce, to ya yi maganar tukuna, ita kuma ta ji daga bakin Baba, kafin a tona ko rami ɗaya. Ta yi sallama ta fita. Ƙofa na rufuwa ya juyo gare ni ya ce, "Waɗannan in ka biye musu sai shekara ta ƙare. Ki tabbatar an gama kafin Juma'a. Kin dai san Disamba tana zuwa." Na san ba inda zai je, bai ma san hanyar gidan Baba Dogo ba.

Sai aka yi wa Mama rasuwa a garinsu, ta tafi ranar Talata, ba za ta dawo ba sai ƙarshen mako. Ranar Laraba na shiga gonar da motar ofis da leburori biyu. Matan da na tarar suka tsaya cirko-cirko suna kallon ledojin dashe. Mataimakiyar Mama, wata Talatu, ta tare ni ta ce, "Malama, ai Mama ta ce kar a taɓa sai ta dawo."

Na ce mata, "An riga an yi magana da Baba. Ofis ya daidaita komai."

Haka na faɗa, ido cikin ido. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da take fita daga bakina. Sun yarda da ni saboda damina uku muna cin abinci a kwano ɗaya a gindin duwatsun nan. Su da kansu suka karɓi fartanya suka taya mu haƙa ramuka. Kafin la'asar an jera itatuwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, daidai kan iyaka, an kafa allon ƙarfe da sunan ƙungiya a jiki. Na koma gida na kasa cin tuwo, amma hakan bai sa na koma na tuge ko ɗaya ba.

Mama ta dawo ana gobe baƙi za su zo. Talatu ta ba ni labari cewa ta tsaya a bakin gonar ta daɗe tana kallon itatuwan, sannan ta nufi gidan Baba Dogo, ta tarar ya tafi asibiti a cikin gari da ɗansa. Washegari aka kafa rumfa, aka jera kujeru, manyan motoci suka faka har cikin gonar maƙwabta. An rubuto wa Mama jawabi a takarda, aka miƙa mata lasifika. Ta karanta shi tsaf, muryarta ko rawa ba ta yi ba, don ba ta son kunyata mata a gaban baƙi. Wata baƙuwa ta rungume ta, ta ce ba ta taɓa ganin shugaba kamarta ba. Aka yi ta ɗaukar hoto a gindin allo. Ni dai ban bari mun haɗa ido ba.

Ana cikin tafi na hango Baba Dogo a can bakin iyaka, ya dogara sanda, babban ɗansa a gefensa. Ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya ba shi kujera. Ya kalli allon, ya kalli motocin, ya sunkuya ya taɓa ganyen wani ɗan mangwaro, ya juya ya tafi. Oga Lawal yana can yana raba lemo.

Bayan kwana biyu mai unguwa ya aiko a zo. Oga ya ce yana da mitin da manaja, ni in wakilci ofis. Muka zauna a zauren mai unguwa, mata a tabarma ɗaya, Baba da 'ya'yansa uku da labarin ya dawo da su gida a ɗaya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya ga yadda gonakin mutane suka tafi a bakin hanyar nan: yau a dasa itace, gobe a kafa allo, jibi a zo da motoci a ɗauki hoto, sai ka wayi gari an nuna maka takarda an ce ba taka ba ce. Ya ce abu uku kawai ya roƙa.

Mama ta durƙusa ta ce, "Baba, mun yi laifi. A ba mu izini yau ɗin nan mu tuge su duka, mu cire allon."

Babban ɗan ya ce, "Hoton da ya tafi Abuja fa, shi ma za ku tuge shi?"

Mai unguwa ya tambaya wa ya ba da umarnin dasawa. Talatu ta juyo ta dube ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina da baki, ina da damar in ce ni ce, ofis ne ya sa ni, matan nan ba su da laifi. Ina ta haɗa kalmomin a raina sai Mama ta riga ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce shugaba. Duk abin da aka yi a gonar nan, a kaina yake." Ni kuma na yi shiru na bar ta da shi.

Baba ya ce ba zai hana su cin guminsu ba. Su girbe abin da suka shuka, su tashi.

Na koma ofis na faɗa wa Oga Lawal. Ko a jikinsa. Ya ce abin takaici ne, amma maganar filaye ba ta cikin aikinmu, kar in sa ta a rahoto, sai dai a nemi wata gonar a shekara mai zuwa. Wata gonar! Kamar ana sayen damina uku a kanti. Rahotonmu ya tafi Abuja cike da hotuna, aka yaba wa shiyyarmu, aka sabunta mini kwantiragi. Shi kuwa ba a daɗe ba aka ƙara masa girma.

Matan sun girbe masarar da ba su taɓa samun irinta ba, suka kai wa Baba nasa kamar kullum, suka kwashe fartanyoyinsu. Da rani 'ya'yansa suka tuge itatuwan, suka tara karan da aka shimfiɗa suka cinna masa wuta, don su a wajensu gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Ƙungiya kuma ta watse rabi. Wasu mazajen suka hana matansu komawa, suka ce wahalar banza ce a gyara wa wani gona. Wasu matan da kansu suka ce ina amfanin shugabar da za ta ce a'a, ofis ya taka maganarta. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da wutar karan, domin amincin da ta gina da su ne na je na kashe da jimla ɗaya.

A watan Maris aka aiko da takardar yabo daga Abuja, an sa ta a gilashi, da sunan Mama a matsayin gwarzuwar shugabar mata manoma. Aka ba ni in kai mata. Na same ta a gidanta a Kakuri, ta koma tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta jujjuya ta.

"Malama, wannan a wace gona zan kafa shi?"

Na fashe da kuka a bakin titi, ni da nake ganin kaina ma'aikaciya. Na ce mata ni na ce wa su Talatu an yi magana da Baba, kuma ba a yi ba. Ta ce ta sani tun ranar da ta dawo.

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa wa mai unguwa ba, Mama?"

Ta juya ƙosanta a kasko kafin ta amsa. "In na faɗa, gonar za ta dawo? Sai dai a kore ki, a kawo wata da ba ta san komai ba. Ke aƙalla yanzu kin sani." Ta ƙara da cewa, "Da kin zo kin ce mini, Mama ina tsoron aikina, da mun nemi dabara tare. Ni ma an taɓa sallama ta, na san yadda yake. Amma kin jira sai da na tafi binne ɗan'uwana."

Ba ta zage ni ba. Ta ƙulla mini ƙosai a takarda, ta ƙi karɓar komai. Na shiga keke ina riƙe da shi da zafinsa, har Barnawa ban iya ci ba.

Daga baya ta samu wata gonar aro can gaba da Kakau, matacciya kamar ta farko, ta fara daga tushe da mata bakwai. Na aika in tambaya ko zan iya zuwa in taimaka. Ta aiko cewa ta gode, amma wannan karon ba sa son ofis.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan sa masa suga ba. A aikin nan namu muna son mace shugaba matuƙar za ta tsaya inda muka ce, ta yi murmushi, ta karanta abin da muka rubuta mata. Ranar da ta yi shugabancin gaske, ta dube mu ta ce a'a saboda ta san abin da ba mu sani ba, ranar muke tuna cewa ba ta yi karatu ba. Kuma ba kullum ne manya ke yin ɓarnar da hannunsu ba. Su suna ofis, irinmu ake aikawa, mu da aka yarda da mu. Shi ya sa ba na sa hannu a kan dashe ko ɗaya sai na ji daga bakin mai gona, na kuma ji daga bakin matar da ke noma ta. In manomiya ta ce muku ba za a yi ba, ku ajiye biro ku tambaye ta dalili. Ku kuna da albashi a ƙarshen wata ko shawararku ta yi kyau ko ta ɓaci. Ita gonar ce kawai gare ta, kuma ita ma ba tata ba ce.